Shekarar da Na Kulle Miksa

Na san abin da ake faɗa a gidan nan idan ba na kusa. Ana cewa Baba ya rasa aikinsa na gidan rediyo saboda taurin kai, wai an kawo sabon inji ya kasa tafiya da zamani, sai ya kulle shi ya hana kowa taɓawa, aka yi aka yi ya ƙi, har aka sallame shi. Ke Amina na taɓa jin kina ba 'yarki labarin a tsakar gida kina dariya, kina ce mata gardamarta ta kakanta ce. Ban ji haushi ba. Taurin kai kam ina da shi, gadonsa na yi, kuma injin nan da hannuna na kulle shi. Sai dai dalilin da kuka sani ba shi ne dalilin ba. Wanda ya ɗaure mini baki ya riga mu gidan gaskiya bara, saboda haka zan faɗa muku yadda aka yi tun hannuna yana iya riƙe biro.

Bayan na yi ritaya daga gidan rediyon gwamnati, inda na ƙarar da ƙuruciyata wajen gyaran na'urori, na dawo Ƙanƙara da niyyar in huta in riƙa leƙa gonarmu ta 'Yargoje. Hutun bai yi nisa ba. Alhaji Mamman mai hatsi da wasu 'yan kasuwa suka haɗa kai suka buɗe wata 'yar tasha ta manoma, suka zo har zaure suka ce in riƙe musu ɓangaren injuna. Tashar ƙarama ce, ɗakin watsa shiri ɗaya da ofis, amma muryarta tana kaiwa Faskari har gefen Sabuwa, kuma jama'a sun riƙe ta hannu biyu. A nan ake jin yadda masara da waken suya suka tashi ran kasuwar 'Yankara, a nan ake cigiyar saniyar da ta ɓata, a nan ake sanar da rasuwa. Da rashin tsaro ya tsananta, a nan kuma ake jin wace hanya za a bi yau, wace za a haƙura da ita. Tasha irin wannan idan ta yi shiru da safe, sai ka ga mutane sun taho a kan babur suna tambaya ko lafiya.

Kawunku Garba, yayan Innarku, Allah ya jiƙan su duka, shi ke zama a kan miksa, wato teburin da ake haɗa sauti kafin ya fita. Da can shi ne mai lasifikar wa'azi da ta biki a ƙasar Sabuwa, yana kuma da gona mai kyau a bakin daji. Da zama a can ya gagara, ya kwaso iyalinsa ya dawo Ƙanƙara, ba gona ba lasifika, yana wuni a ƙofar gidan haya yana gaida masu wucewa. Ni na kai shi wurin Alhaji. Ban yi kara ba, mutumin yana da kunne. Kafin mai magana ya ɗaga murya ya riga ya ji zai ɗaga, ya sassauta. Tsohuwar miksarmu mai sauƙin kai ce, kowane makirufo da wayarsa, kowace waya da raminta, kowane rami da maɓallinsa dogo da ake turawa sama murya ta fita, a jawo ƙasa ta ɗauke. Mu muna kiran maɓallan feda. Ta farko mai gabatarwa ce, ta biyu baƙo, ta uku layin tarho, ta huɗu kiɗa, haka nan har ƙarshe, kuma ba sa canzawa. Yaya Garba yakan yi aiki a kanta yana kallon rufin ɗaki, mu kuma muna cewa ƙwarewa ce.

Farkon daminar shekarar da nake ba ku labari tsawa ta faɗo ta bi ta eriya ta ƙone miksar nan ƙurmus. Alhaji mutum ne mai son abin zamani, bai tsaya neman irinta ba, ya tafi Kaduna ya dawo da kwalaye. Sabon tsarin daban yake. Teburin da ake zama a gabansa ba ya ɗauke da sauti ko kaɗan, umarni kawai yake bayarwa. Makirufo yana shiga wani ƙaramin akwati, akwatin ya mai da murya ta koma irin saƙon kwamfuta, ta bi wayar netwok zuwa akwatin da duk wayoyin ke haɗuwa, wanda ake kira suwic, daga nan ta isa babban injin da ke yin haɗin. Abin da ya ja hankalin Alhaji shi ne an ce masa da wannan tsari zai iya buɗe ƙaramin ɗaki a Faskari, mutanen can su yi shirinsu ba sai sun biyo hanyar nan mai haɗari ba. Nufinsa mai kyau ne, ban taɓa cewa ba mai kyau ba ne.

Kada ku ji an ce na kasa. Na zauna da takardun injin nan da gilashina na karance su, na kira tsofaffin abokan aiki na yi tambaya ba kunya, kuma na shimfiɗa netwok ɗin da har yau shi ake amfani da shi. Suwic biyu na sa, kowane akwati da waya biyu, kowace waya da hanyarta daban, ɗaya ta cikin rufi ɗaya ta gindin bango, don in ɓera ya ci wannan waccan ta ci gaba ba tare da mai sauraro ya ji komai ba. Na zura wayoyin cikin bututun roba, na nisanta su daga wayar wuta. Na ba kowane akwati adireshinsa na dindindin, na zaɓi guda ya riƙa riƙe wa sauran lokaci, domin in kowa ya bi agogonsa sai murya ta riƙa tsattsagewa. Na ware musu batirin sola nasu, yadda ko janareto ya yi tari ba ruwansu. Na haƙa rami na binne sandar tagulla saboda tsawa, na zuba gawayi da gishiri. Innarku ta ce tun da muka yi aure ba ta ga ina rawar jiki a kan abu kamar wannan ba, har tana tambaya ko injin yana da ƙanwa.

Ranar da aka kunna, na kira Yaya Garba shi kaɗai in nuna masa kafin ma'aikata su zo. Ya zauna ya shimfiɗa yatsunsa a kan fedodin yana murmushi, ya ce laushinsu kamar na man shanu. Na ce masa wannan teburin yana da shafi-shafi, feda ɗaya tana iya zama makirufo yanzu, an jima ta zama tarho ko kiɗa. Na danna maɓallin sauya shafi. Fedodin nan suna da 'yan injuna a ciki, sai suka zabura da kansu a ƙarƙashin hannunsa, wasu sama wasu ƙasa. Ya fizge hannu kamar ya taɓa garwashi. Na yi dariya na ce ba aljanu ba ne, ya duba 'yar tagar da ke saman kowace feda, sunan abin da take ɗauke da shi yana rubuce a ciki da haske. Ya sunkuya. Ya ƙara sunkuyawa har hancinsa ya kusa taɓa teburin, ya karkata kai gefe yana neman tagar da gefen ido. Na daina dariya. Ya daɗe a haka, sannan ya ɗago ya ce in rufe ƙofa.

"Sani, ban ganin rubutun ga. Kai ma kanka inuwarka nike gani."

"Tun yaushe, Yaya?"

"An daɗe. Na hagun ya tahi tun muna Sabuwa. Na dama ne ya rage, shi ma kamar ta cikin kara nike leƙe."

Na ce to ai sai a gaya wa Alhaji a nemi magani. Ya kama hannuna ya riƙe da ƙarfi. Ya ce gonarsa ta tafi, garinsa ya tafi, kujerar nan ita kaɗai ta rage masa inda yake shiga a tashi a gaishe shi a matsayin mai aiki. Ranar da aka san ba ya gani, ko ba a kore shi ba za a fara yi masa magana a hankali kamar mara lafiya, a sa yaro ya zauna kusa da shi, daga nan sai tabarma a ƙofar gida. Abin da yake roƙo kaɗan ne, in ji shi, a bar shi ya kai ƙarshen shekara ya ajiye aikin da kansa, a sallame shi yana mai ido. Sannan ya kawo maganar da ta fi nauyi. Mahaifiyarsu haka ta makance, kuma Innarku ce ta yi jinyarta tun tana budurwa, ita ke ja mata sanda. Ya ce in Rabi, wato Innarku, ta ji, kuka za ta yi ta yi, kafin la'asar matan unguwa sun sani, kuma da kanta za ta je ta ɗauko shi daga kan teburin.

"Ka yi mani alkawari, ba Alhaji ba, ba Rabi ba, sai ran da na ce."

Na yi masa alkawari. A lokacin gani nake abu ne na 'yan watanni, kuma gaskiya tausayinsa ya cika mini ciki har ban tsaya auna komai ba. Na kai shi asibitin ido a Katsina da sunan za mu sayo kayan aiki. Likita ya ce hawan jinin ido ne, abin da ya tafi ya tafi, sai dai a riƙa ɗiga magani a jinkirta saura. Ya ce kuma ciwon yana bin jini. Wannan ya sa na lallaɓa Innarku da sunan gilashin karatun Alƙur'ani aka duba nata, aka ce lafiya lau. Ku ma, tunda maganar ta zo, kowa ya je a auna nasa, kada ku tsaya sai kun ga alama.

Da muka dawo na zauna na jera shafin farko na sabon teburin daidai da tsohuwar miksa, ta farko mai gabatarwa, ta biyu baƙo, ta uku tarho, ta huɗu kiɗa. Na ɗiga ɗan gam a kan wasu fedodi ya bushe ya zama ƙulli, yadda yatsa zai gane inda yake. Maɓallin sauya shafi kuwa na kifa masa murfin kwalba na liƙe, na ce wa ma'aikata yana da matsala. Yaya Garba ya koma aikinsa kamar ba a yi komai ba. Abin dariya, nan da nan sunansa ya zagaya gari, wai ga dattijo ya koyi injin zamani cikin kwana kaɗan, ko kallonsa ba ya yi. Innarku ta riƙa ɗaga kai a cikin mata. In na dawo gida ina ƙorafin gajiya sai ta ce ai Yaya ya girme ni, kuma ba ta ji ya yi ƙorafi ba.

Matsalar ta ɓullo ta inda na bari da kaina don kunya. Alhaji yana son in baƙi sun zo ofis ya nuna musu yadda ake juya teburin daga kan kwamfuta ba tare da an shiga ɗakin ba. Na ce masa netwok ɗin sauti ba a gama shi da na ofis, inda kowa ke shiga intanet. Ya ce waya ɗaya ce fa, Malam Sani, kada in ba shi kunya gaban abokansa. Na haɗa. Tun daga ranar, in samarin ofis suka fara sauke finafinai sai ka ji murya tana ɗan ƙyasƙyas a iska. Ina ta neman ranar da zan cire wayar cikin dabara, sai abin da ya fi ƙyasƙyas ya faru.

Wata safiya ana sanarwar rasuwa. Wani babban manomi ne ya rasu a 'Yankara, ƙanensa yana kan tarho yana jiran a ba shi dama ya faɗi lokacin jana'iza. A daidai lokacin Malam Nura, mai shirin zaɓi sonka na yamma, yana ofis yana shirya waƙoƙinsa a kwamfuta. Bai san abin da yake taɓawa yana taɓa teburin da ke aiki ba, ya jawo kiɗan biki ya ɗora a kan feda ta uku. Mai gabatarwa ya gama innalillahi, ya ce ga ɗan'uwan mamacin. Yaya Garba ya tura ta uku kamar kullum. Kalangu ya tashi, da guɗa, daga Ƙanƙara har Sabuwa. Ya jawo ta ƙasa nan take, amma layin 'Yankara ya bar inda ya san shi, kuma ba shi da hanyar nemo shi. Tasha ta yi tsit. Da na shigo a guje na same shi yana shafa fedodin ɗaya bayan ɗaya, gumi yana ɗiga daga gemunsa.

Dangin mamacin suka zo da rana, ransu a ɓace, kuma suna da gaskiya. Alhaji ya ba su haƙuri ya raka su har mota, sannan ya tara mu. Malam Nura ya amsa nasa laifin, yaro ne mai kirki, amma ya ƙara da cewa ai sunan ya canza a 'yar tagar, har launinta ya sauya, ya aka yi Baba Garba bai lura ba? Na ga Alhaji ya juya yana kallon Yaya Garba. Ban bari an ba da amsa ba. Na ce laifin netwok ne, laifin wanda ya gama shi da na ofis ne, wato ni, kuma daga yau an gama. Na tashi a gabansu na zare wayar nan. Na shiga cikin injin na kulle jerin fedodi yadda ba mai iya sauya ko guda, na sa kalmar sirri, na riƙe ta ni kaɗai.

Har zuwa nan duk injiniyan da ya san aikinsa zai ce na yi daidai. Inda na bar hanyar sana'a na bi ta zumunci shi ne maganar Faskari. Alhaji ya kama ɗaki a can, ya sa an yi fenti, mutanen garin suna ta murna. In aka haɗa Faskari, muryoyi za su fi fedodi yawa, dole a buɗe shafuka, dole jeri ya riƙa sauyawa daga shiri zuwa shiri, kuma dole mai zama a kan tebur ya riƙa karanta tagogin nan. Na san yadda zan haɗa shi lafiya ba tare da ƙyasƙyas ba. Na kuma san ranar da na haɗa, ranar Yaya Garba ya gama. Sai na shiga kawo dalilai. Yau in ce sai ruwa ya ɗauke, gobe in ce ƙarfen eriyar da za a kafa bai kai tsawo ba, jibi in ce ina jiran wani kaya. Masara ta yi bunƙasa, ta yi goyo, aka fara karya ta, ina nan ina jan ƙafa. Ba daɗi nake ji ba. Duk ranar da na ji mai shirin Faskari ya biyo hanyar nan a kan babur don ya yi rabin awa a iska, sai na kasa cin abinci sosai har sai an ce ya koma lafiya.

A gida ma ba sauƙi. Matar Alhaji ƙawar Innarku ce, saboda haka duk abin da aka faɗa a can yana isowa nan kafin in iso. Innarku ba mai faɗa ba ce, kun sani, amma tana da wata irin tambaya a hankali wadda ta fi faɗa ciwo. Wata rana ina alwala ta tsaya a kaina da buta.

"Malam, in ba ka iya ba ne, ka ce ba ka iya ba. Ba abin kunya ba ne, shekaru sun ja."

"Na iya."

"To mi ya hana? Ko ni ba ka iya gaya mawa?"

Na ce mata magana ce ta aiki, ba za ta gane ba. Tun da muke ban taɓa gaya mata haka ba, don kuwa ita ce mai gane abu tun ban gama faɗa ba. Ta ajiye butar a hankali ta koma ɗaki. Na fi jin zafin wannan a kan duk abin da ya biyo baya.

Da kaka ta kama, haƙurin Alhaji ya ƙare, ya ɗauko wani matashin injiniya daga Kaduna ya duba aikin. Yaron mai ladabi ne. Ya bi wayoyina ɗaya bayan ɗaya, ya ga suwic biyu, ya ga batir, ya ce ko a birni ba kowace tasha ke da shimfiɗa irin wannan ba. Sannan ya faɗi gaskiya, cewa ba abin da ya hana a haɗa Faskari sai kullen da aka yi. Alhaji ya tara kwamitin tasha da ma'aikata, Yaya Garba yana zaune a gefena. Alhaji ya ce shi bai taɓa zargina da mugunta ba, amma yana so in faɗa a gaban kowa dalilin da ya sa na hana jama'ar Faskari abin da aka yi musu alkawari. Na ji Yaya Garba ya gyara zama ya yi gyaran murya. Ban san ko magana zai yi ba, har yau ban sani ba. Na dai ɗora hannu a gwiwarsa na danna, na riga shi.

"Alhaji, ba ni da dalilin da zan faɗa."

"Malam Sani, ka girme ni ga sana'a, kuma ina ganin girmanka. Amma tashar ga ta jama'a ce, ba tawa ba, ba taka ba."

Gaskiya ya faɗa. Na karɓi biro na rubuta wa yaron kalmar sirrin, na yi musu sallama na fito. Ba wanda ya ce an kore ni, ba wanda kuma ya biyo ni.

Kafa ƙarfe da sauran shirin Faskari ya ɗauki yaron har ƙarshen shekara, kuma bai taɓa jerin fedodin ba sai da ya gama. Ana saura kaɗan a buɗe, Yaya Garba ya je wurin Alhaji da ƙafarsa ya ce ya gaji, a ba yara wuri. Aka yi masa walima a harabar tasha, aka ba shi babbar riga, aka watsa kai tsaye. Ni ina gida, a lokacin na koma gyaran rediyo da amfilifayar lasifika a rumfar bakin kasuwa. Muna zaune da Innarku muna saurare, Alhaji yana yabon dattijon da ya rungumi zamani bai ji tsoro ba. Ta share hawayen murna da gefen mayafi, ta dube ni ta ce da na bi a hankali da yanzu tare ake yabonmu. Na ce haka ne. A raina kuwa daɗi nake ji da baƙin ciki a haɗe, don abin da mutumin nan ya roƙa ya samu, ya fita ana ganinsa mai ido.

Makantar Yaya Garba ta fito fili sannu a hankali bayan haka, kowa ya ɗauka tsufa ne ya zo da ita. Innarku ta yi kukan da aka ce za ta yi, tana kuma gode wa Allah da ciwon ya jira har ya bar aiki. Na ga lokaci ya yi, na je na ce masa ya sake ni in gaya mata. Ya ce ba yanzu ba. In maganar ta fita, Alhaji zai ce an yaudare shi, mutanen Faskari za su ce saboda shi aka sa 'ya'yansu bin hanya, mutanen 'Yankara za su tuna kalangu, rigar nan ma sai ya ji kunyar sa ta. Na yi fushi da shi, fushi na gaske, na yi wata ban taka gidansa ba. Sannan na tuna mutum ne da ba abin da ya rage masa sai wannan suna, na koma. Bayan shekara na sake tambaya, ya sake cewa ba yanzu ba. Zamanmu da Innarku ya koma daidai, ba ta riƙe ni a zuci ba, amma ta ajiye abin a matsayin wani gurbi a halina da ta haƙura da shi. In na yi gardama a kan wani abu sai ta ce wa baƙi su rabu da ni, mutumin da ya yi rigima da inji.

Da ciwonta na ƙarshe ya kama ta aka kwantar da ita a Katsina, likita ya ja ni gefe ya yi mini bayanin da na gane. Na hau mota na dawo Ƙanƙara a ranar, na wuce gidan Yaya Garba kai tsaye, na same shi a zaure da rediyo a cinya. Ban yi doguwar gaisuwa ba. Na ce masa Rabi tana jin jiki sosai, ina so ta san ban ƙi gaya mata don na raina ta ba. Ya murza maɓallin rediyon.

"Kana da gaskiya, Sani. Amma ba kai za ka hwaɗa ba, ni na ɗaure ka, ni za ni kwance. Bari a sallamo ta, in zo har ɗakinta in gaya mata da bakina, in roƙe ta gahwara."

Na so in ce masa ba lallai a sallamo ta ba, amma na kasa faɗa wa makaho cewa ƙanwarsa tana mutuwa. Na koma asibiti na zauna a bakin gadonta da maganar a bakina. Sau da yawa na buɗe baki, sai in ce bari dai gobe, wataƙila ta ji sauƙi a kawo shi. Ranar Alhamis da hantsi ta cika, kuna wurin, ba sai na ba ku wannan labarin ba.

Kada ku riƙe Kawunku da komai. Tsoro ne ya yi masa yawa, kuma duk wanda bai rasa gari da gona da ido ba bai san irin wannan tsoron ba. A zaman makoki yana gefena kullum, yana amsa gaisuwa. Ranar da jama'a suka ragu, muka rage mu biyu a kan tabarma bayan azahar, sai na ji yana lalube har ya sami hannuna.

"Ta tambaye ka dalili, can asibiti?"

"Ba ta tambaya ba, Yaya. Ta daɗe da daina tambaya."

Ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa suna girgiza, ba sauti. Na bar shi ya yi mai isarsa. Da aka kira la'asar na nemo masa takalmansa na sa masa a ƙafa, na kama hannunsa muka tafi masallaci.